Naushad Ali da Aikin Kiɗan Sinima a Indiya

Galibin waɗanda su ka yi rubutu a kan Naushad Ali su kan yabe shi da abu guda, wai shi ne ya ɗauko tsohon kiɗan fadojin Indiya ya shigar da shi sinima ba tare da ya rage masa kome ba. Akwai gaskiya cikin wannan yabo, amma ba duka ba. Lalle ya rage, ya kuwa rage da yawa, kuma a wajen ragin nan ne gwanintarsa ta ke. Wanda zai auna aikinsa da mudun makaɗan fada, ko dai ya yabe shi a kan abin da bai yi ba, ko ya zarge shi a kan abin da bai nufa ba.

An haife shi a Lakno cikin 1919. Ubansa malamin kotu ne, ba ya kuwa son ɗansa ya bi sana'ar kiɗa. A zamanin nan hotunan majigi ba su magana, saboda haka masu gidajen sinima su kan ajiye makaɗa a gaban allo su riƙa bin abin da a ke nunawa, su sassauta in an zo wurin baƙin ciki, su zabura in an zo wurin faɗa. A wannan makaranta yaron ya yi karatunsa na fari, watau tun bai iya tsara waƙa ba ya san kiɗa bara ne ga hoto. Ya tafi Bambai cikin 1937, ya sha wuya, sa'an nan aka ba shi fim na kansa, Prem Nagar, cikin 1940. Rattan na 1944 shi ya fito da sunansa.

Domin a gane abin da ya yi cikin Baiju Bawra na 1952, sai an san abin da Indiyawa ke kira raga (ba ta kamun kifi ba). Raga tsari ne na muryoyi ƙididdigaggu, da ƙa'idar hawa da sauka a kansu, kowace kuma da lokacinta na yini ko na dare, da halin zuciyar da ta ke tayarwa. Gwanin fada ya kan shafe sa'a guda ya na warware raga ɗaya, ya fara a hankali ba ganga, ya yi ta kewaya murya guda kafin ya taka ta gaba. Faifan garmaho kuwa minti uku da 'yan kai ya ke ɗauka a fuska guda, mai kallo ma ba zai jira ba. To, sai Naushad ya zubar da doguwar shimfiɗar nan, ya tsamo 'yan gaɓoɓin da a ke shaida ragar da su, ya ɗora baitoci a kansu, har direba da mai tallan shayi su ka iya rerawa. Labarin fim ɗin ya taimake shi, gama a kan mawaƙi ne wanda ya ƙudura ya kayar da Tansen, mawaƙin fadar Sarki Akbar, domin ya rama mutuwar ubansa. A wurin gasar ya kawo gwanaye na ainihi, Amir Khan da D. V. Paluskar, amma su ma sai da su ka taƙaita. Akwai kuma waƙar bege ta addinin Hindu a ciki, bisa raga Malkauns mai muryoyi biyar. Shakeel Badayuni ya rubuta ta, Naushad ya tsara, Mohammed Rafi ya rera, su uku duk Musulmi, shekara biyar kacal bayan raba ƙasar da aka yi cikin 1947 da zubar da jini. Wannan fim ya sama masa lambar Filmfare ta farko da aka taɓa bai wa mai tsara kiɗa.

Masu sukarsa daga cikin ma'abota kiɗan fada su na da hujja, ba a raina ta. Su ka ce ran raga ya na cikin ƙirƙirar da mawaƙi ke yi nan take, in an ɗaure ta cikin faifai yadda kullum za ta fito iri ɗaya, an sami siffarta ne an bar ranta a waje. Haka ne. Sai dai ba zama a fada Naushad ya shirya ba. Tambayar da ta dace da shi ita ce, ko kiɗan ya faɗi abin da hoton ya kasa faɗi?

Amsa mafi ƙarfi ta na cikin Mughal-e-Azam na K. Asif, 1960. Akwai wurin da Yarima Salim ya keɓe da baiwa Anarkali da dare, ya na shafa mata gashin tsuntsu a fuska, ba wanda ya ce uffan. Abin da a ke ji kawai muryar Tansen ce daga nesa, wadda Bade Ghulam Ali Khan ya ara masa, bisa raga Sohni. Da wani ne sai ya sa masoyan su yi wa juna waƙa, ya cika wurin da goge. Naushad ya bar su shiru, ya miƙa maganar ga wani da ba ya cikin sha'aninsu, mawaƙin uban da zai raba su. Ta haka mai kallo ya ke jin daɗin daren da kuma inuwar fada a kansa lokaci guda. An ruwaito cewa gwanin ya ƙi aikin sinima, ya yanka rufi 25,000 kowace waƙa don a ƙyale shi, aka kuwa biya. Lambar Filmfare ta wannan shekara Shankar da Jaikishan aka bai wa.

Bai tsaya ga kiɗan fada kaɗai ba. Cikin Mother India na Mehboob Khan, 1957, da Ganga Jamuna na 1961, waƙoƙin ƙauye na jiharsu ya koma wa, na biki da na gona da na rakiyar amarya, masu amshi da jama'a ke karɓawa. Mother India ya daɗe ana maimaita shi a gidajen sinima na Kano shekaru da dama, ba fassara, kuma ba wuya a ga dalili: manomi da bashi da mai ba da rance da ruwa ba baƙi ba ne, amshin ma ba ya bukatar tafinta. Amma masu kallo Nargis su ka riƙe, da muryar Lata Mangeshkar. Sunan wanda ya tsara kiɗan ya wuce cikin rubutun farko sa'ad da a ke neman wurin zama.

Aibinsa na gaskiya a wani wuri ya ke. Ya na da son yawa. Tun daga Aan na 1952 ya saba da taron makaɗa kamar ɗari, da gogen Turawa jere-jere, kuma sau da yawa ya kan zuba su inda sarewa guda za ta wadatar, har baƙin ciki ya koma kururuwa. Bayan Ram Aur Shyam na 1967 kuma sai ya shiga maimaita kansa. Kunnen jama'a ya juya ga su R. D. Burman da jita da gangunan Turawa, shi kuwa ya tsaya ya na kukan lalacewar zamani maimakon ya nemi sabuwar hanya, alhali kuwa shi ma da sāɓa wa magabata ya fara. Aikinsa mafi kyau na wannan lokaci na wani ne ya ƙarasa: Ghulam Mohammed, tsohon mataimakinsa, ya rasu cikin 1968 bai gama Pakeezah ba, Naushad ya ɗinke kiɗan da ke bin labarin, fim ɗin ya fito cikin 1972.

An ba shi lambar Dadasaheb Phalke ta 1981 da Padma Bhushan cikin 1992. Ya ga an sāke fito da Mughal-e-Azam da launi cikin 2004, ya yi fim ɗinsa na ƙarshe, Taj Mahal, cikin 2005, wanda bai yi kasuwa ba. Ya rasu a Bambai ran 5 ga Mayu, 2006.