Gidan da masu bincike suka tsaya a zaurensa

Duk wanda ya nemi sunan Simsim a ɗakin karatu, riɗi da dawa zai tarar. Sunan ma da Larabci riɗi yake nufi. Tun 1968, lokacin da Sudan ta kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya kuma ya ba da rancen buɗe manyan gonaki a wannan yanki na kudu da birnin Gadarif, ake ta rubuta rahotanni kan tarakta da ruwan sama da buhunan da faddan guda (ma'aunin gona) ke bayarwa. Masu yankan riɗin kuwa, in sun fito a takarda, leburori ne da ake ƙirgawa a wuce. Wa mutum ya aura, wa ya bari a gida, wa ke riƙon 'ya'yansa in ya tafi ci-rani, wannan bai shiga lissafi ba.

Alhali jihar Gadarif cike take da Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda ake yi wa kuɗin goro da sunan Fallata ko Takari. Wasu kakanninsu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai bakin kogi kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno ya samo sunansa.

An yi rubutu a kansu, kada a ce ba a yi ba. J. S. Birks ya bi sawun alhazan ƙasa a 1978. Mark Duffield ya fitar da littafi kan Mai Wurno a 1981, hankalinsa na kan jari da ƙwadago. Bawa Yamba, a 1995, ya nuna yadda jikokin da aka haifa a Sudan ke ɗaukar kansu matafiya da ba su ƙarasa aikin hajji ba. Al-Amin Abu-Manga ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke shan Larabci a 1999, sannan shi da Catherine Miller suka rubuta kan zaman mutanen Afirka ta Yamma a Gadarif a 2005. Aiki ne mai nauyi, amma duba fuskokin da Bahaushe ya fito da su a ciki: alhaji, lebura, mai magana da harshe biyu, baƙon da ake gardamar ko ɗan ƙasa ne. Duk fuskokin zaure ne. Namiji baƙo iyakarsa ke nan, ba laifinsa ba ne, amma abin da ke bayan zauren shi ne rabin gida, watakila ma fiye.

To daga ina duniya ta san iyalin Bahaushe? Daga ɗan yanki tsakanin Zariya da Kano da Katsina da Maraɗi. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, littafinta na 1972 ya zama madogara kan gandu da gayauna da sana'ar matan kulle. Enid Schildkrout ta nuna yadda tallan yara a Kano ke riƙe da kasuwancin iyayensu mata. Barbara Cooper ta bi tarihin aure a Maraɗi a 1997. A ganina har yau babu wanda ya kamo ƙafar Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Dalilin bai da nisa: mace ce ta zauna da mace, ba takardar tambayoyi a tsakaninsu. Shi ya sa kishi da yaji da zawarci da ƙawance da riƙo suka fito da ransu. Sai dai muryar mace guda ce, haifaffiyar ƙarni na goma sha tara, amma ana ta kafa hujja da ita kamar ita ce kowace Bahaushiya daga Agadas zuwa Bahar Maliya.

Matsalar ba a kanmu ta tsaya ba. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam, ya tarar kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Daga can ake ɗinko tambayoyin, miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'yan cikinsu, tukunya ɗaya, a zo ana neman sa wa gidanmu rigar.

Kai wannan takardar tambayoyi gidan Bahaushe ka ga ikon Allah. Ka tambayi mace sunan mijinta, ta sunkuyar da kai. Ka tambaye ta ɗan farinta, kunya ta hana ta ambatonsa. 'Ya'ya nawa? Ba a son ƙirga su, kuma ɗiyar ƙanwarta da ta goya tun yaye, a wane layi za a sa ta? Mai gidan yana Simsim lokacin yankan riɗi, uwargida ce ke ciyar da kowa da kuɗin ƙosai da adashi, amma gurbin shugaban gida sunansa za a rubuta. Da yawa daga abin da ke fitowa a jadawali amsar ladabi ce da aka ba baƙo don ya tafi.

Tambayoyin da suka dace da Gadarif kuwa suna nan jibge. Lefe ya narke ya zama shela, wato kayan auren Larabawan Sudan ne, ko ana haɗa su biyu? Gara da kayan ɗaki fa? Idan Bahaushe ya auri Balarabiya, da wane harshe ake yi wa yaro faɗa, da wanne ake rarrashinsa? Dokar iyali ta Sudan ta 1991 ta bar ƙofa a buɗe don aurar da yarinya 'yar shekara goma da izinin alƙali. Me iyaye mata ke cewa a tsakar gida in babu ma'aikacin ƙungiya a kusa? Ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya turo jama'a daga Khartoum da Madani zuwa Gadarif, ya cusa iyalai a gidajen dangi da makarantu, zumunci ya ɗauki kayan da hukuma ta kasa ɗauka.

Masu iya wannan aiki ba sai an yo hayarsu daga Ingila ba. Akwai 'yan mata a Jami'ar Gadarif da suka tashi da Hausa da Larabci a baki ɗaya, akwai takwarorinsu a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai. A ba su rakoda da kuɗin mota, su fara da tsofaffin matan da suka ji labarin hanyar gabas daga bakin waɗanda suka taka ta da ƙafa. In an rubuta kuma, a fitar da shi da harshen da masu labarin za su iya cewa: a'a, nan ba haka aka yi ba.