Cutar karkarwa da gado: abin da binciken 2023 ya gano da abin da ya tsallake

A watan Agustan 2023 mujallar Lancet Neurology ta buga wani bincike kan cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar hannu da sanƙarewar jiki idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka fara mutuwa. Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas na cikin jagororinsa. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ya yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma amma da wuya a same shi a Turawa. Wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya, haɗarinsa ya ƙaru sau ɗaya da rabi. Wanda ya gada daga uwa da uba kuwa, kusan sau uku da rabi.

Aikin ya cancanci yabo. Shekara da shekaru ana nazarin gado da jinin Turawa, ana auna mu da mudun da ba namu ba.

To amma akwai gyara. Mutanen da aka nazarta sun kusa 200,000, sai dai masu cutar ba su kai 1,500 ba, kuma waɗanda aka samu a Najeriya mutane ne da suka iso gaban likitan jijiyoyi. Ɗauki dattijo a Dogon Daji da hannunsa ke rawa har cokali ya gagare shi. Gida za a ce tsufa ne, ko a ce sammu. Kafin a yi tunanin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, an sha rubutu da saiwa an gaji. Irinsa ba ya shiga lissafi.

Na biyu, Afirka ba gida ɗaya ba ce. A babban kundin 1000 Genomes, samfuran Najeriya na Yarabawan Ibadan ne da mutanen Esan. Yawan wannan sauyi a Bahaushe ko Bafulatanin Tambuwal da Kebbe sai an auna, ba a ɗauka kawai ba.

Na uku, binciken gado ba ya tambayar me mutum ya shaƙa a gona. Nazarce-nazarce da dama sun alaƙanta maganin kashe ciyawa na paraquat da wannan cuta, ga shi manomanmu na feshi ba safar hannu, ba takunkumi.

Don haka kada mai karatu ya ji "gado ne" ya sallama. Da yawa masu ɗauke da sauyin ba za su taɓa kamuwa ba. Wanda kuma ya kamu, maganin levodopa na rage masa karkarwa ƙwarai, in an gano cutar kuma kuɗin maganin bai fi ƙarfinsa ba. Idan akwai tsoho a gidanku da hannunsa ke rawa yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, ku kai shi asibiti a duba.