Tsofaffin makaɗan Landan sun koma ga malaminsu

Yau hirar kiɗa na kawo maka. Kiɗan ba na garinmu ba ne. Na wasu tsofaffi ne na birnin Landan, a ƙasar Ingila. Sunan ƙungiyarsu Rolling Stones, wato duwatsu masu mirginawa. Irin kiɗansu ana ce da shi rok. Kiɗa ne na gita mai aiki da lantarki, da ganguna, da murya mai ƙarfi.

Tun ina saurayi na san su. Wani abokina direban babbar mota ne ya zo da kaset ɗinsu daga Yamai. Ba mu jin Ingilishi ko kalma guda. Amma in gitar nan ta tashi, ƙafa ba ta neman tafinta. Munka yi ta sauraren kaset ɗin har zarensa ya tsinke, munka liƙe shi, munka ci gaba. Ka ga ke nan ni mai son su ne. An ce so hana ganin laifi. Duk da haka zan faɗa maka mai daɗi, in faɗa maka mai ɗaci.

An kafa ƙungiyar a 1962. Mai waƙarsu Mick Jagger ne. Babban mai gitarsu Keith Richards ne. Su biyun an haife su a 1943. Na ukunsu Ronnie Wood, shi ma mai gita, an haife shi a 1947. Ranar 20 ga Oktoba 2023 sunka fito da faifai mai waƙoƙi 12, sunka sa masa suna Hackney Diamonds. Hackney unguwa ce a Landan. In ɓarawo ya fasa gilashin mota, ɓaraguzan da ke ƙyalli a ƙasa su ne ƴan birnin ke kira lu'ulu'un Hackney. Tun daga sunan ka san tsofaffin ba su bar barkwanci ba.

Da na ji labarin faifan, gabana ya faɗi. Dalili biyu gare ni. Na farko, rabonsu da cika faifai da sababbin waƙoƙi nasu na kansu tun 2005, shekara 18 ke nan. Na biyu, makaɗin gangarsu Charlie Watts ya rasu a 2021, yana da shekara 80. Tun 1963 yake zaune bayansu yana riƙe musu kiɗa. Kai ma ka sani, in makaɗin da ya san ƙafar ƴan rawa ya rasu, dandali yakan yi sanyi. Na ji tsoron kada su zubar da girmansu.

Ba su zubar ba. Waƙar farko sunanta Angry, wato mai fushi. Gitar Keith ce ke buɗe ta, gajere-gajere, kamar mai saran ice da gatari. Ciwon gaɓɓai ya kama yatsunsa, shi da kansa ya faɗa. Ba ya gudu bisa tsirkiya, sai dai duk inda ya taɓa, nan ne daidai. Shi kuma Jagger, da anka yi wa aikin zuciya a 2019, muryarsa ba ta rawa. Sabon makaɗin ganga, Steve Jordan, hannunsa ya fi na marigayin nauyi, amma ya riƙe amana.

Akwai waƙa biyu da za ka ji hannun marigayin da kansa, don an ɗauki kiɗansa tun 2019. A ɗayarsu, Live by the Sword, sunka kira tsohon abokinsu Bill Wyman, wanda ya bar ƙungiyar a 1993. Ya zo ya kaɗa gita mai babbar murya bisa gangar mamacin. Da na ji ta, sai na ga kamar gida ya sake cika na ɗan lokaci.

Sai kuma Sweet Sounds of Heaven, mai tsawon fiye da minti 7. Tana farawa sannu, tana hawa kamar hadari na tasowa. Wata mawaƙiyar Amurka, Lady Gaga, tana amsa wa Jagger. Stevie Wonder, makahon nan gwani, yana kaɗa piyano. Can wajen ƙarshe kiɗan ya lafa, sai muryoyin biyu sunka shiga ja-in-ja, kowa na ƙure ɗan'uwansa. Wurin nan ba a gajiya da jinsa.

To, ga mai ɗacin. Wanda ya haɗa musu sautin faifan, Andrew Watt, an haife shi a 1990, jika ne gare su. Ya goge sautin ya yi sumul da yawa. Kiɗansu na da yana da ƙura da gumi. Na yanzu wani wurin kamar an yi masa wanka an shafa masa mai. Abu na biyu, wasu waƙoƙin har yanzu zancen rigima da budurwa suke. Mai shekara 80 ya ga abin da ya fi haka, kuma shi muke so ya faɗa mana. A Tell Me Straight, wadda Keith ya rera da muryarsa mai kaushi, tsufa ya yi magana sosai. Da ma irinta sun fi haka yawa.

Amma waƙar ƙarshe ta biya duk bashin. Sunanta Rolling Stone Blues. Ba tasu ba ce. Ta Muddy Waters ce, wani baƙar fatar Amurka, mutumin Misisipi da ya yi suna a Shikago. Ya fito da ita a 1950, ya rasu a 1983. Irin kiɗansa ana ce da shi buluz, kiɗan jikokin bayin da anka kwasa daga Afirka. A 1961 Jagger da Keith sunka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta garinsu Dartford. Jagger na riƙe da faifan Muddy Waters. Daga nan hira ta fara. Daga sunan wannan waƙa kuma ƙungiyar ta samo nata sunan. Bayan shekara 60 da ƴan kai, sunka zauna su biyu kawai. Ba ganga, ba baƙi. Gita guda, murya guda, da ɗan abin busa na baki. Suna faɗa wa duniya inda sunka ɗebo ruwansu. Mai sana'ar da ya tsufa bai manta da malaminsa ba, wannan ya cika mutum.

Kunnenka ba zai yi baƙunta da kiɗan ba, in ka saba jin gitar Agadas. Bombino, ɗan ƙasarmu, ya taɓa ɗaukar wata waƙarsu tare da marigayi Charlie, ta fito a 2008.

A 2025 faifan ya ci kyautar Grammy ta faifan rok da ya fi kyau. Ni ban ce ya kai na ƙuruciyarsu ba. Na ce dai da tsohuwar zuma ake magani. In wani yaro a gidanku na da waya mai intanet, ka ce ya nemo maka shi. Ka fara da waƙar ƙarshe, da dare, bayan gari ya yi shiru. In ka gama, ka koma ta farko.