A bar tsohuwar mota da tabonta

A watan Agustan 2024 alƙalan gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach, a jihar Kalifoniya, suka yi abin da ba su taɓa yi ba tun da aka fara gasar a 1950. Babbar kyautar shekarar suka miƙa wa wata Bugatti Type 59 ƙirar 1934 wadda ba a sabunta ba. Fentinta ya dushe, jikinta duk ƙarzuna, fatar kujerarta ta sha zama. Mai ita, Fritz Burkard, mutumin Suwizalan ne. Hukuncin ya yi mini daɗi ƙwarai, a ganina ma ya daɗe da cancanta.

Shekara da shekaru masu wannan sha'awa hanya ɗaya suke bi. A kwance mota har noti na ƙarshe, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito, a yar da kujeru a ɗinka sababbi, a goge injin har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Idan an gama sai ka ga ta fi ranar da ta bar masana'anta ƙyalli, kuma a nan ɓarnar take. A da, maƙeran Scaglietti da ke Modena da guduma suke buga bodin motocin Ferrari, shi ya sa ɓarin dama kan saɓa wa na hagu da ɗan kaɗan. Mai gyaran zamani ya zo ya daidaita komai, ya shafe hannun maƙerin, kamar mai yaɓe tsohon ginin ƙasa da siminti yana ganin gata ya yi masa. Daga nan mai motar ya shiga tsoron tsakuwa, sai dai a riƙa ɗaukarta a tirela daga wannan gasa zuwa waccan. Motar da aka ƙera don gudu ke nan fa.

Ita wannan Bugatti ta yi tseren Grand Prix, sannan a 1938 ta koma hannun Sarki Leopold III na Beljiyam. Duk wannan tarihi yana rubuce a jikinta. Sabon fenti ko yaushe ana iya fesawa, ko bayan shekara hamsin ne. Na asali kuwa sau ɗaya ake kankare shi, ba ya dawowa.

Sai dai wannan sabon yayi na barin mota da tabonta yana da nasa haɗarin, kuma yana damuna. A Fabrairun 2015 aka yi gwanjon motocin iyalan Baillon a birnin Paris, kusan guda 60 da suka yi shekara da shekaru a rumfuna a yammacin Faransa. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California Spider ta 1961, wadda ɗan fim Alain Delon ya taɓa hawa, an same ta a ƙarƙashin tarin mujallu, aka sayar da ita sama da Yuro miliyan 16. Ƙura ta zama haja. Wasu dillalai yanzu ko wanke mota ba sa yarda a yi kafin gwanjo, wasu ma dusashen fenti na jabu suke yi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tsatsa cuta ce, tana cin ƙarfe dare da rana, wanda ya zuba mata ido da sunan adana tarihi kashe motar yake yi a hankali.

Adanawa ta fi sabuntawa wuya. Man birki yana tsotsar danshi, dole a sauya shi duk bayan kamar shekara biyu. Tiyon roba yana tsagewa, taya tana tsufa ko ba ta taka kwalta ba, fetur da ya daɗe a tanki yana toshe kabureta. Waɗannan a canza su ba tare da jinkiri ba, domin da rai ake shiga mota. Yarjejeniyar Turin ta ƙungiyar tsofaffin motoci FIVA, wadda ta fara aiki a 2013, hanya mai kyau ta nuna: a taɓa abin da ya zama dole, a rubuta duk abin da aka yi, a yi shi yadda na baya zai iya warwarewa idan da hali.

Wannan bai tsaya ga attajirai ba. Mai motar MGB a garejin gidansa, irin wadda aka ƙera sama da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, shi ma zaɓin da ke gabansa ke nan. Ƙasan ƙofa ne tsatsa ta fi ci a wannan mota, kuma wurin ne ke riƙe da ƙarfin bodin duka. Ya yanke ruɓaɓɓen ya yi walda, ya fesa fenti a wurin kawai, ya bar sitiyari da kujeru yadda ya same su, ya hau ta ranar Asabar har injin ya ɗauki zafi sosai.