Ku daina jibga wa sabuwar saba tsohon saiti

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Samarinmu masu kula da sabar makarantu da shagunan kwamfuta, daga Kwandiko zuwa Birnin Kudu har Gwaram, sun tsiro da wani salo. Sabuwar sigar manhajar saba ta fito, sai a girka ta, a kwaso tsohon fayil ɗin saiti ɗungurungum a liƙa mata, a kunna, a harɗe hannu ana jira. In ta ƙi tashi, sai ka ji: "Oga, matsalar sabis ce." Wane sabis kuma, ƙanena?

Rigar yaye ba ta shiga wuyan saurayi. Tun 2012 Apache 2.4 ta sauya hanyar ba da izinin shiga shafi, amma har gobe akwai mai ɗauko layukan 2.2 yana cakuɗa su da sababbi, sannan yana mamakin an hana kowa shiga. MySQL 8.0 ta 2018 ta cire query cache gaba ɗaya. Ka bar layinsa a cikin fayil ɗin saitinta na my.cnf, ba za ta ko tashi ba. Tomcat 10 kuwa ta koma jakarta daga javax, kuma masu ita da kansu sun ja kunne cewa a fara da saitin da ya zo da sabuwar siga, a gyara shi a hankali. Wa ya karanta? Ana sauri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a ajiye kwafin tsohon kafin a taɓa. Kuma an fi yin wannan kasada a makon da ɗalibai ke layin duba sakamako. Ka tambayi yaro amfanin wani layi, ya ce haka ya gada daga wanda ya riga shi. To, gado ne ko aiki?

Na yarda, data na da tsada, wuta ba ta zama, kuma wani lokacin liƙa tsohon saitin yakan yi sa'a. Amma ranar da sa'ar ta ƙare, kai za a kira cikin dare.

Don Allah, ƙannena, ku ajiye kwafi tukuna. Ku buɗe tsohon fayil da sabon gefe da gefe, ku ɗauki layi ɗaya bayan ɗaya, ku gwada a wata kwamfutar kafin ku taɓa ta jama'a. Layin da ba ku san aikinsa ba, ku bincika kafin ku ƙaura da shi.