Darakta, Bar Ɗan Kallo Ya Yi Aikinsa

A shekarar 1944, wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai mata 34 wani ɗan gajeren fim da bai kai minti uku ba. Babu jarumi a cikinsa, babu magana, babu waƙa. Zane ne kawai: babban alwatika, ƙaramin alwatika da ɗan da'ira, su na yawo a ciki da wajen wani akwati mai ƙofa. Da aka ce kowa ta rubuta abin da ta gani, mutum ɗaya ce kacal ta tsaya a kan zanen. Sauran duk labarin masu rai su ka kawo, da yawansu ma cewa su ka yi maza biyu ne ke rikici a kan mace. Ka ji fa, mai karatu! Irin soyayyar nan ta mutum uku da ta cika finafinanmu, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta da kanta ba tare da an biya marubuci ko sisi ba.

Masana na ganin dalilin shi ne zaman tare. Tun fil'azal mutum na rayuwa ne cikin jama'a, dole ya riƙa karantar niyyar na kusa da shi: wa ke ƙaunata, wa ke shirya mini makirci? Da wannan baiwar ce yaro ke jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a duhu, ya kuma ga Gizon ɓaro-ɓaro a ransa.

Masu fim sun daɗe da gano haka. A Rasha, wajajen 1920, darakta Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar wani jarumi wadda ba fara'a ba ɓacin rai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sannan da hoton gawa. 'Yan kallo su ka yaba yadda jarumin ya nuna yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar guda ce.

To, a nan na ke da ja da daraktocinmu. Tun daga Turmin Danya a 1990 mu ke harkar nan, amma har yau fim ɗin Hausa bai yarda da basirar mai kallonsa ba. Dubi fitowar da aka saba: an yi wa Hajiya kishiya, mun gani. Sai a zaunar da ita a falo ta ce wa ƙawarta, “Wallahi raina ya ɓaci.” Sai a dawo mana da fitowar baya, a danna fiyano mai ban tausayi, sannan ƙawar ta je ta maimaita wa Inna. Abu ɗaya sau huɗu! Da za a nuna ta kawai ta zuba abinci kwano biyu kamar kullum, ta tuna yau ba kwananta ba ne, ta mayar da ɗaya a tukunya, wallahi da ba mai buƙatar ƙarin bayani.

Marubuta littattafai ma ba su tsira ba. Shafi uku a na gaya mana yarinya na son saurayi, alhali kallo ɗaya a bakin zaure ya isa.

Ɗan kallon da aka tauna wa komai gajiya ya ke yi, ya kama hira, gobe kuma ya nemi fassarar fim ɗin Indiya. Idan har alwatika biyu da da'ira za su iya sa mutane su ga kishi, darakta mai kyamara da jarumai ba shi da uzurin cika mu da surutu.