Zanen Ƙwayar Zarra a Littattafan Sakandare: Sharhi Kan Kalmar "Falaki"

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan zanen ƙwayar zarra da ke cikin littattafan kimiyya na sakandare, da kalmar "falaki" da malamai kan yi amfani da ita wajen bayyana shi da Hausa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wani darasi da muka halarta a Kademi ta ƙasar Gaya, lokacin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Malamin ya zana cibiya da da'irori, ya ce elektiron yana kewaya ta kamar yadda duniya take kewaya rana. Wani yaro ya ce, "Malam, me ya hana shi faɗawa ciki?" Aka ce masa ya haddace kawai.

Asalin Zanen

Tambayar yaron nan ita ce ta dami masana. A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron, a 1904 kuma ya kwatanta zarra da dunƙule wanda elektiron ke warwatse a cikinsa, kamar 'ya'ya cikin kankana. Gwajin da Geiger da Marsden suka yi da siririn fallen zinariya a Manchesta a 1909 ya rushe wannan, domin kaɗan daga cikin ƙwayoyin alfa da aka harba sun dawo da baya. Saboda haka a 1911 Rutherford ya ce nauyin zarra a ƙaramar cibiya yake. Sai dai bisa ƙa'idar lantarki, elektiron mai kewaye zai yi ta zubar da ƙarfinsa har ya faɗa cibiya nan take. A 1913 Bohr ya ƙayyade masa hanyoyi da ba ya zubar da ƙarfi a kansu. Lissafinsa ya dace da haidirojin mai elektiron ɗaya, amma ya kasa a kan hiliyam mai biyu.

Aibin Kalmar

Tun daga aikin Schrödinger na 1926 da na Heisenberg na 1927 aka bar batun tabbatacciyar hanya. Abin da ake lissafawa shi ne wurin da aka fi tsammanin samun elektiron. Ita kuwa "falaki", a kunnen Bahaushe, hanyar taurari ce wadda ba ta sauyawa. Ke nan kalmar tana kafa wa yaro ra'ayin 1913 a matsayin gaskiya ta ƙarshe, alhali mataki ne.

Kammalawa

Ba mu ce a jefar da zanen Bohr ba, domin yana taimakawa wajen koyar da jerin 2, 8, 8. Shawararmu ita ce a keɓe "falaki" ga ra'ayin Bohr, a kira fahimtar da ta biyo baya "farfajiyar elektiron", a kwatanta ta da ƙudan zuma kewaye da amya: an san inda suka fi yawa, ba a shata musu hanya ba. Da haka yaron Kademi zai gane cewa tambayarsa tana kan hanya.